HAƊA ƘWAƘWALWAR ƊAN ADAM DA NA'URA: INDA BINCIKE YA DOSA DA AMANAR DA KE CIKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya hore masa harshen da yake bayyana abin da ke ransa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani fanni na ilmin likitanci wanda ake ta faɗi-tashi a kansa a manyan jami'o'in duniya, watau haɗa ƙwaƙwalwar mutum da na'ura.

GABATARWA

Tun lokacin da kwamfuta ta shigo ƙasashenmu, Bahaushe ya raɗa mata suna na'ura mai ƙwaƙwalwa, saboda yadda take lissafi da ajiye bayani. Wancan suna kwatanci ne kawai. To, yau ga shi masana suna haɗa wannan na'ura da ƙwaƙwalwa ta gaske, ta mutum mai rai, ta yadda abin da ya yi nufin aikatawa zai isa ga na'urar ba tare da ya bi ta hannunsa ko harshensa ba.

Mai karatu a Tabla, ko Balleyara, ko Bonkuku, ko Filinge, yana iya cewa: ina ruwanmu da wannan, mu da kai marar lafiya asibitin Yamai ma yakan zame mana jan aiki? Ruwanmu ta fuska uku ne. Ta farko, waɗanda ake yin binciken dominsu suna cikin gidajenmu: wanda haɗarin mota ya karya wa laka, da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye har maganarsa ta ɗauke, da yaron da sanƙarau ya kurumtar, da mai farfaɗiya. Ta biyu, wayar salula ta koya mana cewa abin da ake jin labarinsa daga nesa yau, gobe yana iya zama a kan tebur a kasuwa. Ta uku, ƙasar Hausa ta riga ta ɗanɗana zaƙi da ɗacin sabon magani idan ya zo daga waje, saboda haka muna da mudun da za mu auna wannan da shi. Manufar darasin ita ce mu fahimci abin tun bai iso ba, mu kuma san sharuɗɗan da za a gindaya masa.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyar wani ɗan ƙanƙanen motsi na lantarki. Idan mutum ya yi nufin ɗaga hannunsa, ƙwayoyin wani sashe da ke wajen saman kai sukan motsa, saƙon ya gangara ta cikin laka har ya isa ga tsokar hannu. Idan laka ta tsinke, ƙwaƙwalwa ba ta daina aika saƙon ba, hanyar ce ta yanke, kamar yadda ruwan damina kan cinye gada: ga matafiyi a wannan gaɓa, ga garin da ya nufa a waccan, amma babu mahaya. Aikin wannan na'ura shi ne ta zama sabuwar gada.

Aikin yana da matakai uku. Da farko a ɗauko motsin lantarkin daga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan kwamfuta ta fassara shi. Daga nan a miƙa fassarar ga abin da zai aikata, ko hannun ƙarfe, ko keken guragu, ko rubutu a allon kwamfuta, ko murya. Kwamfutar ba ta zuwa da sanin komai game da mutumin. Sai an zauna da shi an ce ya raya a ransa yana kai hannu dama, ya maimaita sau da yawa, sa'an nan hagu, har ta gane alamar da ke tafiya da kowane nufi.

Wajen ɗauko saƙon kuwa akwai hanyoyi. Mafi sauƙi ita ce a sa wa mutum wata hula mai wayoyi a kan fatar kai, ba tare da fiɗa ba. Amma ƙoƙon kai yana dushe saƙon. Misalinta kamar wanda ya tsaya a bayan gari ne ranar Lahadi yana sauraren kasuwar Balleyara: zai iya gane ko kasuwa ta cika, ko an yi wata hayaniya, amma ba zai ji nawa aka taya rago ba. Hanya ta biyu ita ce a buɗe ƙoƙon kai a shimfiɗa wani ɗan faifai a bisa ƙwaƙwalwa. Ta uku ita ce a soka wasu siraran allurai a cikin ƙwaƙwalwar kanta, a saurari ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon kusantar da aka yi, gwargwadon tsabtar saƙon, kuma gwargwadon haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Daɗin daɗawa, jiki yakan gina tabo a kewayen allurar, saƙon ya riƙa raunana da tafiyar shekaru.

TAƘAITACCEN TARIHI

Fiɗar kai tsohon ilmi ne. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Kurɗuba ta ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin yadda ake jinyar karayar ƙoƙon kai, da kayan aikin da ake yi da su, a littafinsa At-Tasrif. Amma sauraren lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam bai samu ba sai a 1924, lokacin da wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukarsa daga kan mutum a birnin Jena, ya kuma buga sakamakon a 1929. Da na'urar da ta samo asali daga aikinsa ake binciken farfaɗiya a asibitoci har yau.

A 1963, a yankin Kurɗubar nan dai, wani masani ɗan Sifen mai suna José Delgado ya dasa wayoyi a ƙwaƙwalwar bijimi, ya shiga fili da shi, da bijimin ya taso masa sai ya danna maɓalli daga nesa, bijimin ya tsaya. Wannan ya nuna cewa hanyar tana da zuwa da dawowa: ana iya karɓo saƙo daga ƙwaƙwalwa, ana kuma iya aika mata. A 1973 Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi. A 2004, ƙarƙashin jagorancin John Donoghue na Jami'ar Brown a Amurka, aka dasa wa wani saurayi da aka soka da wuƙa a wuya wani ɗan faifai mai allurai kimanin 100, wanda girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Da tunaninsa kaɗai ya motsa 'yar kibiyar da ke allon kwamfuta, ya buɗe wasiƙa, ya sauya tashar talabijin.

INDA BINCIKE YA DOSA

Fuska ta farko ita ce maido da motsi. A 2012 aka bayyana labarin wata mata a Amurka wadda ta shekara kusan 15 a shanye, ta sarrafa hannun ƙarfe da tunaninta, ta ɗauki gorar kofi ta kai bakinta. A 2023, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suka haɗa na'urar da ke kan wani mutumin Holan da wata da ke lakarsa, a ƙasan inda ta raunata. Mutumin, wanda haɗarin keke ya kwantar fiye da shekara 10, ya miƙe ya yi tafiya da sanduna, har ya hau matakala.

Fuska ta biyu ita ce maido da magana. A 2021 ƙungiyar Edward Chang a birnin San Faransisko ta fassara yunƙurin maganar wani bebe zuwa rubutu, daga cikin kalmomi 50 da aka koya wa na'urar, yana samun kimanin kalma 15 a minti. Zuwa 2023 wannan ƙungiya ta kai kalma 78 a minti, ta Jami'ar Stanford kuma ta kai 62, sai dai idan an faɗaɗa kalmomin, kusan ɗaya cikin huɗu takan fito ba daidai ba. A 2024 masu bincike a Davis, a jihar Kalifoniya, suka rage kuskuren zuwa kimanin 3 cikin 100.

Fuska ta uku ita ce aika saƙo zuwa ciki. Mafi nasara a nan ita ce na'urar da ake dasa wa kurame a can cikin kunne, wadda Graeme Clark ya gwada irinta ta zamani a Melbon ta Ostareliya a 1978, kuma zuwa 2022 an dasa kimanin miliyan 1 a duniya. A 1987 Alim-Louis Benabid, a birnin Grenoble na Faransa, ya gano cewa tura lantarki kaɗan zuwa wani lungu na ƙwaƙwalwa yana tsayar da karkarwar jiki, aka mayar da hakan magani ga masu cutar Parkinson. A 2013 Amurka ta amince da wata na'ura da ke gane farfaɗiya tana shirin tasowa, ta yi ƙoƙarin kashe ta tun kafin ta kayar da mai ita.

Fuska ta huɗu ita ce sauƙaƙa dasawar kanta, kuma a nan ne 'yan kasuwa suka shigo da ƙarfinsu. Kamfanin Synchron yana zura tasa na'urar ta jijiyar jini ta wuya har ta isa kusa da ƙwaƙwalwa, ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba, ya kuma fara gwaji a Ostareliya a 2019. Kamfanin Neuralink na attajirin nan Elon Musk ya dasa wa mutum na farko tasa a watan Janairu na 2024: zare 64 waɗanda ba su kai kaurin gashi ba, ɗauke da bakunan sauraro 1,024. Bayan 'yan makonni wasu daga cikin zaren suka zame daga inda aka soka su, sai da aka gyara lissafin kwamfutar sa'an nan aikin ya daidaita. Wannan yana tunatar da mu cewa mafi yawan na'urorin motsi da na magana har yanzu a matakin gwaji suke.

MATSAYIN NEMAN MAGANI

Malaman usulu, irin su Imam Al-Gazali da Imam Ash-Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Maido wa gurgu tafiyarsa, ko bebe maganarsa, yana cikin kare rai da mutunci. Sanya wani abu na ƙarfe a madadin gaɓar da ta lalace kuwa yana da asali. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya.

Ya kamata kuma mu kiyayi gefe biyu. Kada mu kira abin sihiri, domin sababi ne daga cikin sabubban da Allah Ya sanya a halittarsa. Kada kuma mu ruɗu da masu cewa an gano ruhi ko an san gaibu. Abin da na'urar take ɗauka sawu ne da nufi ya bari a jiki, kamar yadda likita ke sauraren bugun zuciya da abin sauraronsa. Matsalar ba ta cikin asalin maganin. Tana cikin yadda ake gwada shi, da wanda zai mallaki abin da aka ɗauko, da abin da zai faru bayan an gama.

DARASI BIYU DAGA GIDA

Wannan bincike yana gudana ne a ƙasashe masu hali, irin su Amurka, Faransa, Suwizalan, Ostareliya da Sin. Amma tambayoyin da yake tayarwa ba baƙi ba ne gare mu, domin mun gamu da su ta dalilin wata cuta wadda ita ma ƙwaƙwalwa da laka take kamawa, watau sanƙarau.

A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Nijeriya, ta kashe mutum kimanin dubu 12. Ana tsakiyar wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka shekara da shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Amma asarar da ta fi kuɗi ita ce ta amincewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa, cutar kuwa ta samu hanya ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har Indonesiya.

Darasi na biyu a ƙofar gidanmu ya faru. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da sabuwar allurar rigakafin sanƙarau nau'in A. Tun kafin a haɗa ta aka tuntuɓi jami'an lafiya na Afirka, har da na Nijar, suka nuna cewa allurar da ƙasashensu ba za su iya saye ba ba ta da amfani gare su. Aka tsayar cewa kuɗinta ba zai kai rabin dala ba, aka ba wani kamfani na Indiya aikin, aka gwada ta mataki-mataki a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana. A watan Satumba na 2010 gundumar Filinge, wadda a lokacin ta haɗa har da yankin Balleyara, ita ce ta fara karɓar wannan allura mai suna MenAfriVac a duk faɗin Nijar. Sama da mutum dubu 350, daga ɗan shekara 1 zuwa 29, aka yi wa, aka kuma bi sawunsu domin a ga ko za ta haifar da wata illa. Bayan 'yan shekaru nau'in A ya kusan ɓacewa daga ƙasashen da aka yi rigakafin, ko da yake nau'in C ya tayar da tasa annobar a Yamai a 2015.

Cuta ɗaya ce, kuma a duka biyun sabon abu ne ya zo daga waje. Abin da ya bambanta su shi ne shawara, da bayani, da farashin da talaka zai iya, da bibiya bayan an gama. Da wannan mudu za mu auna tambayoyin da ke tafe.

TAMBAYA TA FARKO: YARDA

A 1992 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta yanke cewa ba a yin binciken likitanci a kan mutum sai da yardarsa, yana mai cikakken hankali, ba tare da tilas irin na ɗan kurkuku ba, ba kuma tare da kwaɗaitarwa da kuɗi irin wadda ake yi wa matalauci ba. Wannan ya dace da Sanarwar Helsinki ta 1964 wadda likitocin duniya suke bi. To, wanda ya shekara 10 a kwance, idan aka ce masa ga abin da zai tayar da shi, da wuya ya tsaya sauraren haɗarin. Wajibi ne a gaya masa da harshen da yake ji, Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak ko Fulatanci, cewa gwaji ne, yana iya ƙin aiki, kuma yana da ikon janyewa. Har ila yau, a al'adarmu miji ko wa ko kawu ne kan yi magana a madadin marar lafiya. Amma wanda jikinsa ya shanye, sau da yawa hankalinsa yana nan daram. Kansa za a buɗe, saboda haka shi za a tambaya, ko da da ƙiftawar ido zai amsa.

TAMBAYA TA BIYU: SIRRIN ZUCI

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, suna kuma cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ɗan Adam ya rayu yana da wani ɗaki a cikinsa wanda babu mai shiga sai Mahaliccinsa. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa alƙali yana hukunci ne da zahiri. Yanzu an fara ƙwanƙwasa ƙofar wannan ɗaki. A 2023 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin suka iya fito da gundarin labarin da mutum ke saurare daga hoton ƙwaƙwalwarsa, ba tare da fiɗa ba, ko da yake sai da kowane mutum ya kwanta awa 16 a cikin na'urar ana koya mata, kuma idan ya ƙi ba da haɗin kai abin yakan rushe. A 2025 masu bincike a Stanford suka nuna cewa na'urar da aka dasa domin magana tana iya tsinkayar wani abu daga zancen zuci, har suka gwada sa mata kalmar sirri, wadda sai mai ita ya raya ta a ransa sa'an nan ta fara fassara.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin na'urori masu araha da ake ɗaurawa a goshi. A 2019 wata makarantar firamare a lardin Zhejiang na ƙasar Sin ta ɗaura wa yara irinsu domin a auna wanda ke mai da hankali a aji, sai da jama'a suka yi ca sa'an nan aka dakatar. Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa a tsarin mulkinta a 2021, kuma a 2023 kotun ƙolinta ta umurci kamfanin Emotiv ya goge bayanan da ya tara daga kan wani tsohon sanata, Guido Girardi. A watan Nuwamba na 2025 hukumar UNESCO, a taronta na Samarƙand, ta amince da ƙa'idoji na farko na duniya a kan wannan fanni. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum tun 2017, Nijeriya ta yi tata a 2023. Ya kamata masana doka su tabbatar cewa abin da aka ɗauko daga ƙwaƙwalwa ya shiga sahun bayanan da aka fi tsananta tsaronsu.

TAMBAYA TA UKU: WA KE DA ALHAKI?

Malamai sun tafi a kan cewa ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a ransa muddin bai furta ko ya aikata ba. Sun kuma karɓi ishara ta bebe, idan ana fahimtarta, a ciniki da aure da saki. To, muryar da ta fito daga na'ura, furuci ce, ko ishara, ko rubutu? Alal misali, magidanci ya ji haushin iyalinsa, kalmar saki ta gilma a ransa, na'ura ta faɗe ta a fili. Malaman Malikiyya sun riga sun tattauna ko saki yana aukuwa da zancen zuci, Shehu Halil ya ambaci saɓanin a Mukhtasar, amma ba su yi zaton ranar da wani abu zai ɗauko zancen ya jiyar da mutane ba. Idan kuma na'urar ce ta yi kuskure a wasiyya, ko a iƙirarin bashi, ko hannun ƙarfe ya bugi yaro, wa zai ɗauki lamuni: marar lafiya, ko likita, ko kamfani? Bugu da ƙari, an samu wasu daga cikin waɗanda ake tura wa lantarki a ƙwaƙwalwa halinsu ya sauya, har wasu suka faɗa caca ko almubazzaranci, da aka daidaita na'urar suka dawo. Waɗannan mas'aloli ne da ba za a warware su ba sai malamin fiƙihu da likita sun zauna a tabarma ɗaya, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta yi a kan mutuwar ƙwaƙwalwa a Amman a 1986, da kuma dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a Jidda a 1990.

TAMBAYA TA HUƊU: BAYAN AN DASA FA?

Kamfanin Second Sight na Amurka ya dasa wa makafi sama da 350 wata na'ura a ido mai ba su ɗan gani kaɗan. A 2019 ya daina yin ta, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa, aka bar mutane da ƙarfe a ido babu tabbacin mai gyara. A Ostareliya an dasa wa wata mai farfaɗiya na'urar gwaji a 2010, wadda ke yi mata gargaɗi kafin ciwon ya taso, har ta samu ta riƙa fita harkokinta. Da kamfanin ya karye aka ce dole a cire. Ta nemi ta saye ta, bai yiwu ba. Mu da muka saba ganin famfon tuƙa-tuƙa ya mutu a ƙauye don rashin ƙarfe ɗaya, bayan waɗanda suka kafa shi sun tafi, mun san wannan ciwo. Bambancin shi ne famfo a bakin gari yake, wannan kuwa a cikin kan mutum. Duk wanda zai dasa, wajibi ne a ɗaure shi da alkawari a rubuce, da dukiyar da aka keɓe, na gyara da sauya batir da cirewa, muddin mai ɗauke da ita yana raye.

TAMBAYA TA BIYAR: ADALCI

Mafi yawan na'urorin magana da Ingilishi aka koya musu. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Masu bincike a Shanghai sun fara wannan aiki a kan Sinanci, wanda shi ma haka yake. Idan 'ya'yanmu ba su shiga fannin ba, babu mai yi wa harsunanmu wannan hidima. Sa'an nan akwai masu burin dasa wa lafiyayyu domin su fi sauran mutane. Wannan ya fita daga babin lalura, ya zama jefa lafiyayyar gaɓa cikin haɗari, da ƙara tazara tsakanin mai shi da marar shi. A ƙarshe, kada ɗokin abin da ke nesa ya mantar da mu na kusa. Rigakafi ya fi magani: auna hawan jini, da hular kwano ga mai babur, da kai yara allura, da ba mai farfaɗiya maganinsa maimakon a ɓoye shi a ɗaki, za su tsare ƙwaƙwalen da babu na'urar da za ta iya maido da su.

KAMMALAWA

Abin da ya rataya a wuyanmu shi ne: ɗalibanmu na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da sauran jami'o'i su nemi ilmin jijiyoyi da na kwamfuta, malaman Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ke nan cikin jiharmu ta Tilaberi, su fara nazarin waɗannan mas'aloli tare da likitoci, sarakuna da limamai kuma, idan wani ya zo da gwajin magani ko na'ura, su tambaye shi izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa, da inda za a kai bayanan, da wanda zai kula da mutane bayan ya tafi. Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya a karɓe shi hannu biyu, a kuma taimake shi. Wanda ya kasa, a sallame shi tun daga zaure.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana hankulanmu, Ya ba mu ilmi mai amfani. Allah Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.